Kalmar "void": me ya haɗa fankon ashana da ɓataccen ciniki?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A cikin wata guda na ci karo da kalmar Turancin nan void har sau uku. Na farko a takardar POS, ranar da mai shago ya danna kuɗi ba daidai ba ya soke. Na biyu a wata 'yar takarda da aka manna a bayan sabuwar talabijin ɗina, an rubuta warranty void if removed. Na uku, wanda shi ne ya hana ni barci, a wasiƙar da wani lauya ya aiko mini kan filin da na saya shekara biyu da suka wuce, wai takardar cinikinmu null and void ce. Da na duba ƙamus sai na ga an ce ma'anarta sarari, ko wurin da babu komai. To me ya haɗa sarari da cinikin fili? Kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne da suka yi kama da juna? Kuma yaya za mu faɗe ta da Hausa?" Daga wani mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, kana son sanin yadda kalmar da ƙamus ya ce tana nufin wurin da babu komai ta koma tana nufin abin da ba shi da inganci, sannan kana son sanin ko filinka ya tafi. Amsar ta farko gajera ce: kalma ɗaya ce, ba biyu ba. Ta biyun kuwa sai an share mata hanya, don haka zan bar ta ƙarshe. Na yi shekaru ina tafinta a ofishin lauyoyi kafin in karanta aikin lauyan da kaina, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda suka taɓa kunyata ni a gaban mutane, kamar yadda za ka ji nan gaba.

Ɗauki fankon ashana. Daga waje ba ka da abin da za ka ce da shi: ga kwali, ga tambari, ga gefen ƙyastawa. Sai ka girgiza shi ka ji shiru. Duk inda ka ga void, wannan hoton ne a ƙarƙashinta: abu yana da siffa ta waje, amma abin da ya kamata a samu a ciki babu shi. Bambancin ma'anonin duka yana wajen tambaya ɗaya, wato mene ne ba a samu a cikin ba? Wani lokaci kaya ne, wani lokaci mutum ne, wani lokaci fitsari ne, wani lokaci kuma ƙarfin doka.

Kalmar ta shiga Turanci ne wajen shekara ta 1300 daga Faransancin wancan zamani. Jikanyarta a Faransancin yau ita ce vide, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sani sarai, kuma daga gare ta aka samu vidange da direbobinsu ke faɗa idan za a juye baƙin mai. Can baya kuma tana da dangantaka da kalmar Latin vacare, zama ba komai a ciki, wadda ta haifi vacant da vacancy da vacuum, har da vacation, wato lokacin da makaranta ko kotu take zama wayam. Abin lura shi ne Faransanci ya raba aikin gida biyu: vide ga abin da babu komai cikinsa, nul ga abin da ba shi da inganci. Shi ya sa a Nijar lalatacciyar ƙuri'a bulletin nul ce. Turanci ne ya ɗora wa kalma ɗaya kayan biyu.

Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Duba kalmar wofi. Ana cewa mutum ya dawo hannu wofi, wato bai riƙo komai ba, ana kuma cewa aikinsa ya tafi a wofi, wato bai tsinana komai ba. Ana ce wa kwalin da aka ƙarar da kayansa fanko, ana ce wa mutumin da ba komai a kansa fanko. Holoƙo ma haka. Hanyar da Bature ya bi daga rashin abin ciki zuwa rashin amfani, Bahaushe ya bi ta da ƙafarsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Har ma muna da tagwayen kalmomi da suka yi kama da null and void kamar an tsaga kara: banza da wofi. Sai dai ba na ba kowa shawarar ya kai su kotu. Banza da wofi zagi ne, akwai raini a ciki. Alƙalin da ya ce ciniki void ne ba zagin kowa ya yi ba, matsayin takarda ya faɗa.

Inda ake nufin babu komai a ciki

Wannan ɓangaren ba shi da wuya, zan bi ta kansa da sauri. Idan aka ce the void, da the a gabanta, ana nufin sarari marar iyaka, ko rami mai zurfin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 ta yi amfani da ita a farkon Littafin Farawa, inda ta ce duniya ta kasance without form, and void, wato ba siffa, ba komai a cikinta, kuma wannan jimlar ta taimaka wajen ba kalmar wani kwarjini a kunnen Turawa. Masana taurari suna kiran manyan yankunan samaniya da tarin taurari suka yi ƙaranci a cikinsu da wannan suna. Sanannen cikinsu shi ne na Boötes, wanda aka gano a 1981. Injiniyan gini kuwa idan ya ce akwai voids a ginshiƙi, kogunan iska yake nufi, waɗanda ke saura a cikin kankare idan ba a girgiza shi ya zauna da kyau ba, har in an cire katako ka ga gefen kamar saƙar zuma. A Ingila masu gidajen haya suna kiran watannin da gida ya zauna ba ɗan haya void period.

Akwai kuma na zuciya. Idan babban mutum ya rasu, Bature zai ce ya bar void. Nan ba sai mun wahala ba, domin muna da tamu: ya bar giɓin da zai yi wuyar cikewa. Ina son wannan fassara fiye da asalin. Hoton Bature rami ne kawai, namu kuwa haƙori ne da ya fita daga cikin 'yan'uwansa, kullum harshe yana komawa wurin.

Biyu ne suka fi rikita mutane a wannan rukuni. Na farko a asibiti. A can kalmar aikatau ce, ma'anarta juye abin da ke cikin mafitsara. Idan ka ga ma'aikaciyar jinya ta rubuta patient voided a katin marar lafiya, ba soke shi aka yi daga asibitin ba, fitsari ya yi, kuma bayan tiyata wannan labari ne mai daɗi. Daidai yake da vidange ɗin direba: an juye abin da ke ciki. Na biyu a wajen masu rubuta manhajar kwamfuta. A harsuna irin su C da Java, idan aka sa void a gaban sunan wani aiki, ana nufin aikin zai gudana amma ba zai dawo da wani sakamako ga wanda ya kira shi ba. Kamar ɗan aiken da ka ce ya je ya rufe ƙofa ne, ba wanda ka aika ya sayo goro ba: zai yi aikin, zai dawo hannu wofi, kuma haka aka so.

Bari in ɗan ratse. Malaman lissafin Indiya sun kira alamar babu da suna shunya, wato abin da ba komai cikinsa. Larabawa suka fassara ta da sifr, mai ma'ana iri ɗaya, daga nan muka samu sifili, Turawa kuma suka samu zero. Kenan duk ɗalibin da ya ci sifili a jarrabawa fanko aka ba shi, a ma'anar kalmar ta asali.

Inda ake nufin ba shi da inganci

Yanzu mun iso inda wasiƙarka take. A shari'a, abin da aka ce void ne yana da duk kamannin abu sahihi. Ga takarda, ga sa hannu, ga shaidu, wataƙila har da hatimi. Abin da babu a ciki shi ne ƙarfin doka: takardar ba ta ɗora wa kowa wajibi ba, ba ta ba kowa haƙƙi ba, ba ta fitar da mallaka daga hannun wani zuwa hannun wani ba. Fankon ashana ce.

Null kuwa daga Latin nullus take, babu ko ɗaya, kuma ba ta ƙara wa void komai. Abin da yake void bai fi wanda yake null and void rai ba. Turancin lauyoyi ya gaji son jera kalmomi biyu-biyu ne tun bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kotuna suka daɗe suna aiki da Faransanci da Latin a kan mutanen da Turanci suke ji. Ana yawan cewa a irin waɗannan tagwaye ɗaya Baturiya ce ɗaya Bafaranshiya, don kowa ya gane. Haka ne a wasu, amma ba a nan ba, domin null da void duka ta hanyar Faransa suka zo. Ƙarfafawa ce kawai. Wasu lauyoyinmu ma ba sa ƙoshi da biyun sai sun ƙara and of no effect whatsoever. Kada yawan kalmomin ya tsorata ka, gawa ɗaya ce ake ta yi wa likkafani.

Za ka sami kalmar tun a farkon Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 1, ƙaramin sashe na 3, ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin, kundin ne a sama, ita kuma dokar ta zama void iyakacin inda ta ci karon. Ka lura da wannan iyakancewa. Ba lalle dokar duka ta faɗi ba. Ana iya yanke ruɓaɓɓen gefen a bar sauran.

Akwai wata magana da kusan kowane lauyan Najeriya ya haddace. A 1961 aka yanke hukuncin wata ƙara da ta taso daga Saliyo, tsakanin Macfoy da kamfanin United Africa Company, ta kai har majalisar alƙalan Landan da ake kira Privy Council, wadda a lokacin ita ce matuƙar ɗaukaka ƙara ga ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya. Mai shari'a Denning ya ce abin da yake void babu ne a idon doka, kuma duk abin da aka gina a kansa shi ma ɓatacce ne, domin ba za ka ɗora wani abu a kan babu ka sa ran ya zauna ba, rushewa zai yi. Abin dariyar da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan ƙarar kanta, alƙalan sun yanke cewa kuskuren da ake taƙaddama a kai, wato miƙa takardar ƙara lokacin hutun kotu, bai kai void ba. Macfoy ya sha kaye. Maganar da aka fi jawowa don rusa abubuwa an faɗe ta ne a ƙarar da ba a rusa komai ba.

Kai da kake Gusau ba sai an ba ka labarin yadda wannan ƙa'ida take aiki ba. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, saboda haka a idon doka ba ta da 'yan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuma sun tafi a banza. An yi layi, an dangwala, an ƙirga, an sanar. Duk wannan gini ne, amma a kan babu aka ɗora shi.

A nan ne nake da ƙorafi kan yadda muke fassarawa a rediyo. Kusan kullum sai ka ji "kotu ta soke". Soke tana nuna abu yana nan da ransa, sai wani ya zo ya kashe shi, kamar yadda gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Kotun da ta ce abu void ne tun farko, abin da lauyoyi ke kira void ab initio, ba kashe shi ta yi ba. Shaida ta bayar cewa ba a haife shi da rai ba. Ni na fi son a ce "kotu ta ce cinikin bai ƙullu ba tun asali", ko "kotu ta tabbatar ɓatacce ne tun farko". Ya fi tsawo, amma ya fi gaskiya.

Void da voidable: inda na sha kunya

Ƙara wa kalmar 'yan haruffa huɗu a ƙarshe, sai ka sami wata dabba daban. Voidable na nufin abin yana da rai, yana aiki, yana ɗaure kowa, amma ɗaya daga cikin masu cinikin yana da damar warware shi idan ya so. Idan bai warware ba, ko ya yi sakaci har lokaci ya ƙure, cinikin ya zauna daram. Cinikin da aka ƙulla da yaudara ko da matsin lamba galibi nan yake faɗawa.

Ina sabon tafinta, wani Alhaji mai harkar yashi ya zo ofishinmu. Ya sayi tifa, mai sayarwar ya rantse masa cewa injin sabo ne, bayan 'yan makonni bakanike ya buɗe ya ga tsohon inji ne da aka yi wa fenti. Maigidana ya saurare shi ya ce cinikin voidable ne. Ni kuma, da ƙuruciya da son nuna na iya, na juya na ce, "Alhaji, lauya ya ce cinikin nan ɓatacce ne." Alhaji ya yi hamdala ya tafi. A fahimtarsa, tunda ɓatacce ne, ko yaushe ya ga dama zai mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, don haka bari ya ɗan mori abarsa tukuna. Ya yi fiye da shekara yana jidar yashi da ita. Ranar da ya dawo a kan a mayar, maigidana ya gaya masa cewa wanda ya san aibin kaya, ya ci gaba da amfani da su haka, kotu za ta ɗauka ya yarda da cinikin. Abin da ya rage sai neman diyya. Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaro, ba kai ka ce mini ɓatacce ne ba?" Ban sami amsa ba. Da na ce masa "cinikin yana nan, amma kana da zaɓin warware shi, kuma ka hanzarta", da ba mu kai nan ba.

Abin da ya ƙara mini takaici daga baya shi ne, na riga na san wannan bambancin tun a zaure, ban dai haɗa shi da Turancin ba. Abin da ya sami Alhaji shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira zaɓin aibi: mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya ga aibin da aka ɓoye masa, amma idan ya ci gaba da mora bayan ya gani, ya nuna yarda, zaɓin ya faɗi. Tun daga ranar, idan zan bayyana wa Bahaushe waɗannan kalmomi, da misalin ibada da aure nake farawa. Sallar da aka yi ba alwala, ga tsayuwa ga ruku'u ga sujada, amma ba ta ƙullu ba tun kabbarar farko: wannan void ce tun asali. Alwalar da aka yi daidai sannan ta karye, wannan abu ne da ya inganta sannan ya faɗi, kuma Turanci yana kiran wannan ma void, yana cewa abin ya zama void. Sai na uku, cinikin da ke tsaye har sai mai zaɓi ya warware shi: voidable.

Fiƙihu ma ya fi Turancin yanka abin ƙanana. Hanafawa suna bambanta baɗili da fasidi a ciniki: baɗili shi ne wanda ɓacin yake a gindinsa, kamar sayar da mushe, fasidi kuwa gindinsa lafiya, wani sharaɗi ne ya gurɓata shi. Sauran mazhabobi galibi suna ɗaukar kalmomin biyu abu guda. Amma ko a Malikiyya, wanda ya karanta babin aure a Risala ya san akwai auren da ya ɓaci ta wajen sadakinsa, wanda ake rabawa in ba a tare ba, in kuwa an riga an tare sai ya zauna a biya sadakin da ya dace da irin matar. Wannan daban yake da auren wanda aka gano sun sha nono ɗaya, wanda ba ya zama ko an shekara nawa.

Dokar auren rajista ta Najeriya ta 1970 ita ma ta yi wannan rabon. Sashe na 3 ya jera auren da yake void, kamar wanda aka ɗaura alhali ɗayansu yana da wani auren a kansa, ko tsakanin makusantan da aka hana. Sashe na 5 ya jera wanda yake voidable, kamar idan amarya tana ɗauke da cikin wani a ranar ɗaurin aure. Kuma a nan ne za ka ga fankon bai cika zama fanko ƙarƙaf ba. Dokar ta yarda kotu ta yi hukunci kan ciyarwa da riƙon 'ya'ya ko da auren void ne, kamar yadda malamanmu ke tabbatar wa ɗa nasabarsa idan iyayen sun yi auren cikin rashin sani. Doka tana iya cewa ba a yi aure ba, amma ba ta iya cewa ba a haifi yaro ba.

Ga tarko ɗaya ga masu fassara kafin in wuce. Kalmar avoid da muka sani da ma'anar guje wa abu, 'yar gidan void ce, kuma asalinta juye abu ne ya zama ba komai. A Turancin lauyoyi har yau avoid the contract na nufin warware yarjejeniya, ba guje mata ba.

Komawa ga takardunka uku

Ta POS ita ce mafi sauƙi. A tsarin katin banki, void na nufin an janye cinikin kafin a kammala tura kuɗin tsakanin bankuna, ya zama kamar ba a yi ba. Ya bambanta da refund, inda kuɗin ya riga ya tafi sannan a sake wani sabon aiki na dawo da shi. Da Hausa "an soke" ta wadatar a nan. Ka dai ajiye takardar har ka ga kuɗinka ya koma asusunka, don wani lokaci yakan ɗan jima a riƙe.

Ta bayan talabijin irin alwalar nan ce da ta karye. Garantin yana nan lafiya, amma kamfanin yana cewa in ka ɓare takardar, alamar an buɗe na'urar kenan, alkawarin gyara kyauta ya faɗi. Da yawa an yi su ne yadda in ka ɗaye za su bar kalmar VOID a manne a jikin kayan, ba ta gogewa. Fassararta: garanti ya faɗi idan aka cire wannan. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta gargaɗi wasu kamfanoni a 2018 cewa irin wannan sharaɗin ya saɓa wa dokar garanti ta ƙasar. A kasuwarmu kuwa, shawarata ka bar takardar inda take.

Sai filin. Abu na farko: wasiƙar lauya ba hukuncin kotu ba ce. Lauyan da ya rubuto maka wakilin wani ne, kuma null and void a bakinsa da'awa ce, abin da yake fatan kotu ta faɗa. Na rubuta irin waɗannan wasiƙu da hannuna, na san yadda ake zaɓar kalmomi masu nauyi don gaban mai karɓa ya faɗi. Na biyu, ka duba dalilin da ya kawo, domin a nan maganar take. Idan cewa yake wanda ya sayar maka ba shi ne mai filin ba, wannan babbar magana ce, don wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi, ko a dokar Bature ko a Musulunci. Idan filin gado ne da ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da yawun sauran ba, to a fiƙihun Malikiyya cinikin rabon sauran yana rataye ne a kan yardarsu, in sun amince ya zauna, in sun ƙi ya warware, kuma wannan ya fi kusa da voidable. Idan kuwa cewa yake ba a nemi amincewar gwamna ba, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 yake nufi: sashe na 22 ya wajabta neman amincewar kafin mai takardar mallaka ya sayar ko ya jinginar, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin dokar null and void ne. A 1989, a ƙarar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rusa wata jingina saboda wannan dalili. Amma a 1995, a ƙarar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta bayyana cewa dokar ba ta hana mutane ƙulla yarjejeniya tukuna sannan su nemi amincewar ba. Cinikin yana zama bai kammala ba ne har a samu. Ka ga ko a nan, rashin sa hannun gwamna ba kullum yake nufin takardarka fanko ce ba.

Ban ga takardarka ba, ban ga wasiƙar ba, saboda haka ba zan ce maka filin naka ne ko ba naka ba ne. Wannan sai wanda ya riƙe su a hannu. Abin da zan ce shi ne kada ka yi irin na Alhaji mai tifa ta kowace fuska. Kada ka tattara ka bar filin don an rubuto maka Turanci mai nauyi, kada kuma ka jefa wasiƙar a aljihu ka ci gaba da zuba bulo. Kada ka sa hannu a kan komai. Tattaro takardar cinikin, da shaidar biyan kuɗi, da duk takardar da mai sayarwar ya nuna maka a kan yadda filin ya zo hannunsa, ka tuntuɓi dillalin da shaidun da mai unguwar da aka yi abin a gabansu tun suna tunawa. Sannan ka kai wa lauyanka, ka yi masa tambaya uku: wannan void ne ko voidable, a ƙarƙashin wace doka, kuma idan har cinikin bai ƙullu ba, ta wace hanya zan karɓo kuɗina daga wanda ya sayar mini? Ta ukun kada ka bari a manta da ita, domin idan ciniki bai ƙullu ba, galibi shi ma mai sayarwar ba shi da hujjar riƙe kuɗin. Allah ya warware maka cikin sauƙi.